Daƙiƙa goman da ake yanka a danja a bai wa bas

Shekara bakwai ke nan ina hawa bas mai lamba 36 a Landan. Ina shiga a Peckham tun gari bai gama wayewa ba, mu bi ta Camberwell, mu wuce Oval, mu haye gadar Vauxhall, in sauka a Victoria in ƙarasa wurin aiki da ƙafa. In na yi sa'a kujerar gaba ta benen motar babu kowa, nan nake zama, don daga nan mutum yana hango titi kamar wanda ya hau soro. A wannan kujerar na fara lura da wani abu. Sau da yawa za mu tunkari danja tana kore, koren da na san ya daɗe, ina jiran ta juya ruwan ɗorawa direba ya taka birki, sai ta ƙi juyawa. Muna giftawa in leƙa, sai in ga an saki masu tahowa daga gefe. Da farko na ɗauka dace ne. Da abin ya yi yawa na ce ko direbobin sun haddace lokacin fitilun ne, kamar yadda direban hayis ɗin Kurna ya haddace ramukan titin Katsina. Ashe ba ko ɗaya. Motar ce take yi wa danjar magana.

Wajen 2009 aka gama saka wa bas-bas ɗin birnin wata na'ura da suke kira iBus. Fasinja dai abin da ya sani game da ita shi ne muryar matar nan da ke faɗin sunan tasha ta gaba. Amma babban aikinta shi ne sanin inda motar take a kowane lokaci ta hanyar tauraron ɗan'adam. Idan bas ta iso wani wuri da aka ƙayyade kafin mahaɗa, sai na'urar ta aika saƙo ga akwatin da ke sarrafa danjar: ga ni nan tafe. Akwatin yana da dabara biyu. In fitilar tana kore kuma ta kusa mutuwa, sai ya ja mata rai na 'yan daƙiƙu har motar ta wuce. In kuma tana ja, sai ya gajarta lokacin ɗaya ɓangaren, ya dawo da kore da wuri. A zagayen da ke biye sai ya yi ƙoƙarin rama wa waɗanda aka tauye. Ba a kowace danja ake yin haka ba, kuma ba kowace bas ke samun wannan gata ba. Ana iya saita tsarin yadda motar da ta makara, ko wadda tazara tsakaninta da ta gabanta ta yi yawa, ita za a fi ji da ita. Wadda ke kan lokacinta sai ta jira kamar kowa.

Abin da ake samu a kowace mahaɗa ba shi da yawa. 'Yan daƙiƙu ne, ba su cika kai goma ba. Ranar da na fara jin haka na yi dariya, na ce duk wannan hidima, da tauraron ɗan'adam da kwamfuta da injiniyoyi, a kan abin da bai kai tsawon hamma biyu ba?

Sai da na zauna da biro na gane inda kuɗin yake. Ga misali na ƙirƙira don sauƙin lissafi. A ce bas tana cin minti 120 kafin ta je ƙarshen hanyarta ta dawo, kuma ana so kowane minti shida mota ta zo tasha. Dole a zuba mota 20 a kan hanyar. To a ce a zuwa da dawowa tana ratsa danja 80, a kowace ta tsira da daƙiƙa huɗu da rabi. Jimla daƙiƙa 360, wato minti shida cif. Zagayen ya koma minti 114, mota 19 ta wadatar. An huta da sayen mota guda, da albashin direbobin da za su riƙa karɓa-karɓa a kanta daga asuba zuwa tsakar dare, da mai, da taya, da gyara, shekara da shekaru. Ko kuma a bar motar a kan hanya fasinja ya rage jira. Birnin da ke da bas sama da dubu takwas da hanyoyi ɗaruruwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ba a rushe gidan kowa ba, ba a biya diyya ba, ba a zuba buhun siminti ko ɗaya ba.

Amma ni ba kuɗin ne ya fi jan hankalina ba. Abin da ya kama ni shi ne tambayar da ke ƙarƙashin lamarin: idan danja tana raba lokaci, me take ƙirgawa, motoci ko mutane? Danjar da muka saba da ita ƙarfe take gani. A wurinta bas mai bene da ke ɗauke da mutum saba'in da motar da mutum ɗaya ke ciki yana sauraron rediyo duk ɗaya ne, kowacce mota guda ce a layi. Ka tsayar da mutum saba'in na daƙiƙa goma, ka ci wa jama'a daƙiƙa 700. Ka tsayar da ƙananan motoci goma sha biyar da ke gefe, waɗanda in an tattara mutanen cikinsu da ƙyar su haura ashirin, ka ci 200 da 'yan kai. Duk wanda ya taɓa rabon nama a gidan biki ya san ba a bai wa ɗakin mutum biyu kwano daidai da na ɗakin mutum goma a ce an yi adalci. Su wane ne kuma saba'in ɗin nan? Da ƙarfe shida na safe a cikin 36, masu shara ne, da masu gadi da suka kwana a tsaye, da masu jinyar tsofaffi, da masu aikin kicin. Rabinsu idonsu a rufe yake. Su ne waɗanda in sun makara da minti goma ake rubutawa.

Akwai wata riba kuma da ba a ganinta a agogo kai tsaye, wadda ni a ganina ta fi sauri muhimmanci. Mutanen Landan suna da ƙorafin da ya zama abin barkwanci, cewa sai ka gaji da jiran bas sannan uku su zo a jere. Ba sakacin direbobi ba ne, haka abin yake haifar da kansa. Mota ta ɗan makara a danja biyu, sai ta tarar da mutane sun fi yawa a tasha ta gaba. Ɗaukarsu ya ƙara cinye mata lokaci, ta ƙara makara, ta ƙara tarar da taro. Ta bayanta kuwa tana zuwa tana samun tasha wayam, tana wucewa fiu, har ta kamo ta. Ta gaba cike maƙil ana numfashi a wuyan juna, ta baya kujeru babu kowa. Idan danja ta san wadda ta makara ta ɗan tura ta gaba, ta ƙyale ta bayan ta jira, tazarar sai ta gyaru tun kafin ta lalace. Mutumin da ya tabbata motarsa za ta zo cikin minti shida ba ya fitowa da rabin awa na ko-ta-kwana. Wannan rabin awar barci ce, ko karin kumallo da yara.

To, ba a nan gizo ke saƙar ba. Danja ba ta haƙo lokaci daga rijiya. Zagayenta ƙayyadadde ne, duk daƙiƙar da aka ƙara wa wani, daga aljihun wani aka zaro ta.

Ina da aboki, Bahaushen Kumasi, da ke tuƙa motar haya irin wadda ake kira ta waya. Ran nan bayan sallar Juma'a muna cin shinkafa na kawo masa wannan zance ina ta yabo. Ya ajiye cokali ya ce, "Malam, kai da kake zaune a sama kana kallon gari dole ka ce haka. Ni da nake ƙasa fa? An yanke mana rabin titi an shafa masa jan fenti an ce na bas ne. In tayata ta taka, kyamara ta ɗauka, takardar fam 160 ta iso gida kafin ni. Baƙar tasi an yarda ta bi layin, ni ba a yarda ba, alhali ni ma fasinja na ɗauko. Yanzu kuma danjar ma an saye ta." Na ce ai in ka biya cikin mako biyu rabi ne. Ya harare ni. Gaskiyarsa ce a wani ɓangaren. Wanda ke bayan motarsa wani lokaci tsohuwa ce da za a kai asibiti wadda ba za ta iya hawa bas ba. Mai gyaran famfo da kayan aikinsa ba zai rungumi bututu ya hau bene ba. Mai kai burodi shaguna haka. Lissafin kawuna da na yi ɗazu yana ɗaukar kowane kai daidai da kowane, kuma ba kullum haka rayuwa take ba. Duk da haka ban sauka daga ra'ayina ba, don na ce masa duk mutum saba'in da ke cikin bas, in bas ta gundure su rabinsu suka nemi mota, a gabansa za su jeru. Layin bas ɗin da yake zagi shi ne ya rage masa abokan go-sulo. Bai amsa ba, ya ce in miƙo masa yaji.

Wanda ya fi ba ni tausayi a wannan rabo ba mai mota ba ne, mai tafiya a ƙasa ne. Wata safiya cikin hunturu, ana yayyafin nan nasu mai shiga ƙashi, ina sama a kujerata na hango wata dattijuwa a bakin titi da 'yar jakar cefane mai taya. Ta danna maɓallin tsallakawa, ta ɗaga kai tana jiran koren mutum ya fito. Muna tahowa, danjarmu ta riƙe kore. Muka wuce ta, tayar motar ta fallatsa ruwan gefen titi har ya kusa taɓa takalminta. Ni na samu daƙiƙuna a cikin ɗumi, ita ta biya su a cikin ruwa. Kuma abin da mutane ke mantawa, duk fasinjan bas mai tafiya a ƙasa ne kafin ya hau da bayan ya sauka. Sau nawa na tsaya a tsallaken titi ina kallon motata tana lodi, danja ta ƙi ba ni hannu, har ta rufe ƙofa ta tafi? Idan jira ya yi tsawo mutane ba sa jira, kutsawa suke yi tsakanin motoci, kuma a nan ake samun abin da ba a so. Saboda haka duk tsarin da zai gajarta wa wani lokaci, bai kamata ya taɓa lokacin da tsoho ke buƙata ya kai ɗaya gefen ba. A nan ana kiyaye wannan, akwai mafi ƙarancin lokacin da ba a yankewa ko wace mota ce ke tafe. Amma tsawon jiran kafin a ba ka hannun, wannan kam yana iya ƙaruwa.

Sai matsala ta biyu, wadda ta fi ba ni dariya. A mahaɗar Camberwell Green, bas ce ta gabas, bas ce ta yamma, bas ce ta kudu, bas ce ta arewa. Kowacce tana aika saƙo, kowacce cike da mutane. Wa za a fifita? In ka ja wa 36 rai, ka tsayar da 12 ko 68 da ke jiran nasu hannun. In kowa sarki ne a gari, wa zai yi fadanci? A irin wannan wuri ribar tana narkewa, abin da ya rage kawai shi ne a duba wadda ta fi makara. Tsarin ya fi amfani a inda babbar hanyar bas ta ratsa ƙaramin titi, ba a tsakiyar kasuwar motoci ba.

Haka kuma in titi ya cushe. Koren fitila ba ya amfanar motar da ke bayan motoci talatin. Za a riƙe mata kore, ƙananan motocin gabanta su sha daɗi, ita tana nan inda take, na gefe kuma an tauye su a banza. Sai in tana da layinta da zai kai ta har bakin danjar. Shi ya sa tarihin abin a Landan bai fara da na'ura ba, da fenti ya fara. A 1968 aka shata layin bas na farko a birnin, a kan gadar Vauxhall ɗin nan da nake hayewa kullum. A 2003, zamanin magajin gari Ken Livingstone, aka sa harajin fam biyar ga mai shiga tsakiyar gari da motarsa, a shekarar ce kuma katin Oyster na biyan kuɗin mota ya fito. A 2014 aka daina karɓar tsabar kuɗi a bas gaba ɗaya. Wannan na ƙarshen kada a raina shi. Mutum ashirin su shiga kowa ya ɗora kati ƙit ya wuce, da mutum ashirin kowa yana laluben aljihu direba yana neman canji, bambancinsu ya ninka abin da danja za ta iya bayarwa. Har wurin da aka kafa tasha yana da tasiri: in tashar tana gab da danja kafin a tsallaka, akwatin ba zai san ko lodin zai ɗauki daƙiƙa biyar ko hamsin ba, sai ya riƙe kore ga motar da ba ta shirya tashi ba. In tana bayan an tsallaka, magana ta ƙare.

Kuma da duk wannan, kada wani ya ɗauka bas a Landan tashi take yi. Matsakaicin gudunta bai wuce mil tara da ɗoriya a awa ba. Mai keke yana wuce mu yana fito. Aikin haƙa titi, da motocin kai saƙo da suka yi yawa, da layukan keke da aka ƙara, duk sun ci nasu rabon. Fifiko a danja bai sa ta zama jirgi ba, hana ta durƙushewa ya yi.

Garin da ya kai abin maƙura shi ne Zurik ta ƙasar Siwizalan, kuma yadda suka kai can ya fi na'urarsu burge ni. Sau biyu, a 1962 da 1973, aka kawo wa mutanen garin shawarar a haƙa ƙasa a saka jirgi, sau biyu suka ƙi a ƙuri'ar raba gardama. A 1977 sai suka amince a kashe faran miliyan 200, kuɗin ƙasarsu, wajen buɗe wa taragon kan titi da bas hanya a saman ƙasa: layinsu daban, danja kuma ta buɗe musu suna isowa. Wato masu kuɗin duniya sun duba aikin da za a yanke kyalle a yi biki, suka duba wanda ba shi da hoton da za a manna a allo, suka zaɓi na biyun. Masu mota sun san su za su biya da jira, kuma aka yi ƙuri'ar a fili kowa yana gani.

Duk lokacin da na je nan a tunani sai zuciyata ta tafi Kano.

Mu mun zaɓi na farkon. Gadar sama a Ƙofar Nasarawa, gadar ƙasa a Kabuga, mai hawa uku a Dangi, ga ta Hotoro. Ba na cikin masu cewa ba su da amfani, wanda ya san Dangi a da ya san an samu sauƙi. Amma gada amsa ce ga tambayar yaya mota za ta wuce, ba yaya mutum zai isa ba. Ta kwashe go-sulon nan ta kai shi mahaɗa ta gaba ta sauke. Wanda ke saman gadar mai motar kansa ne. Mai neman abin hawa yana ƙasa, a rana, yana ɗaga hannu.

Kuma kada mu yaudari kanmu cewa ba mu san fifiko a danja ba. Mun san shi sarai, sunansa jiniya. Zuwana gida na ƙarshe, ina bayan Adaidaita a wata mahaɗa da la'asar, ni da wata mata mai goyo da ɗalibi rungume da jaka, wani kuma ya raɓa a gefen direba. Babu wuta, fitilun sun mutu, wani ma'aikaci ne a tsakiya yana ba da hannu, gumi ya jiƙa masa riga. Yana gab da sakinmu sai muka ji wiii daga nesa. Nan take ya juya mana baya, ya ware hannu biyu ya tare kowa. Muka zauna. Jaririn ya fara kuka, uwar tana yi masa fifita da gefen mayafi. Sai da aka ɗauki lokaci kafin motocin su iso ma, baƙaƙe masu duhun gilashi, suka wuce kamar iska. Direbanmu ya kashe inji don tsimin mai, ya ce, "Allah Ya sa mu ma wata rana a tare mana." Kowa ya yi dariya. To wannan fa shi ne ainihin abin da iBus ke yi: a hango mai zuwa, a tsayar da na gefe, a buɗe masa. Bambancin kawai wa aka hango. A can an tsayar da mutum ashirin don saba'in su wuce. A nan an tsayar da ɗaruruwa don mutum ɗaya. Kashin dankali ke nan, na sama ya danne na ƙasa.

Sai dai in wani ya ce gobe a sayo irin na'urar Landan a kafa a titin Zariya, ni ne zan fara cewa a dakata. Wace bas za a bai wa hannun? Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a farkon 2013, Adaidaita Sahu, wadda ta shigo zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ita ce ta zama ƙafar garin. Hayis ɗin da muka hau muna yara daga Bata zuwa Rijiyar Lemo, kwandasta rataye a ƙofa yana buga jikin mota, ba ta da jadawali balle a ce ta makara. Tana tashi in ta cika, tana tsayawa inda aka ce "akwai". Na'urar da aikinta shi ne gyara tazara tsakanin mota da mota ba ta da abin yi a nan. Ga wuta: danjar da ke aiki yau gobe ta mutu ba za a ɗora mata kwamfuta ba, kodayake masu aiki da hasken rana sun rage wannan matsala. Ga gyara, wanda shi ne kabarin yawancin kayan da muke sayowa. Ga kuma bin doka, don fifiko ba shi da ma'ana sai in wanda aka tsayar ya tsaya. Sayen wannan na'ura a yanzu kamar sayen sirdi ne da linzami alhali ko turke babu a gidan.

Legas ta gane tsarin abin. Da ta buɗe hanyar bas ta musamman a watan Maris na 2008, daga Mile 12 zuwa CMS, kimanin kilomita 22, ba da tauraron ɗan'adam ta fara ba. Dakali ta gina ta raba layin, ta zuba manyan motoci, ta sa a sayi tikiti kafin a hau. Mutum yana cikin motarsa a titin Ikorodu yana kallon bas tana wuce shi, wannan ya fi kowace sanarwa a rediyo. Darussalam ta Tanzaniya ta bi sahu a 2016, Dakar ta buɗe tata mai aiki da lantarki a 2024. Ba abin Turawa ba ne kaɗai.

Abin da nake gani zai yiwu a Kano ba ya buƙatar ko waya ɗaya. Muna da abin da Landan ba ta da shi: mutum a tsakiyar mahaɗa, mai ido da hankali, wanda zai iya bambanta motar da ke ɗauke da mutum hamsin da wadda ke ɗauke da mutum ɗaya ba tare da an aiko masa saƙo daga sama ba. A ɗauki hanya ɗaya tak, a ce daga Na'ibawa zuwa cikin gari. A zuba manyan motoci da za su riƙa tashi a kan lokaci ko sun cika ko ba su cika ba. A keɓe musu layi, ko da na mita ɗari ne kafin kowace mahaɗa, don su tsallake jerin gwano su iso gaba. Sannan a ce wa ma'aikacin KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar titunan Kano, da ke wurin: in ka hango ta, yi mata abin da kake yi wa jiniya, amma na daƙiƙa goma kawai, kuma kada ka saki kowa sai masu tsallakawa da ƙafa sun kai gefe. In an yi shekara ana haka aka ga motocin suna nan ba su koma gareji sun zama ɗakin kaji ba, sai a yi maganar na'ura. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, mutane da yawa sun jingine motocinsu, kuɗin Adaidaita ya zama abin da ake lissafawa kafin a fita gaida mara lafiya. In akwai lokacin da babbar mota mai araha za ta samu masu hawa, yanzu ne.

Amma a nan ma akwai mai biya, kuma na san shi, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Yayana Adaidaita yake ja, da ita yake ciyar da mutum tara, kuma kullum sai ya kai wa mai ita balas kafin ya san abin da ya samu. Na kira shi a waya na zayyana masa duk wannan, da lissafin kawuna da na Zurik da komai. Ya saurara har na gama, ina jin ƙarar titi a bayansa.

Ya ce, "To na ji. Ita babbar motar taka mutum nawa za ta ɗauka?"

Na ce, "Kamar hamsin, Yaya."

Ya yi shiru kaɗan. "Lodina goma sha biyu ke nan da ɗori. Kuma ni za a tsayar a danja in kalle ta ta wuce da su."

Na ce ai ba za ta shiga lungu ba. Wanda ta sauke a bakin titi, shi zai kai shi ƙofar gida, kuma gajerun tafiye-tafiye da yawa sun fi doguwa ɗaya a cikin go-sulo ana ƙona mai. Na ce masa kuma motocin nan direbobi za su nema, wa ya fi shi sanin hanyar?

Ya ce, "Haka ake faɗa kullum kafin a fara. In an tashi ɗaukar direbobin, ka turo min takarda daga Landan ɗin." Sai na ji ya ɗaga murya yana cewa wani, "Ina zuwa, Hajiya? Shigo, saura mutum ɗaya." Ya dawo kaina ya ce, "Bari in tafi, an ba mu hannu."